Babur ɗina ya yi wata biyar a gareji, yanzu ya ƙi tashi, iyalina kuma ta ce na sayar

Wani ƙaninmu ne ya rubuto daga Kanada, ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Winnipeg, shekarata ɗaya da rabi a nan. Bara na sayi babur na hannu, Kawasaki Ninja 250 ƙirar 2011, da shi nake zuwa makaranta da wurin aiki. Da sanyi ya shigo ƙarshen Oktoba sai na tura shi gareji na rufe da tampol, ban cire batir ba, mai kuma kusan rabin tanki ne a ciki, ban zuba masa komai ba don ban san ana yi ba. Yanzu Afrilu ya shigo ƙanƙara ta narke, na danna sitata sai ƙas ƙas ƙas kawai yake yi. Abokina ya ce mu haɗa shi da batirin motarsa mu tada shi na hau abina. Iyalina kuma ta ce sam ba ta yarda ba, na sayar da shi, tana da ciki wata shida, har mun kwana biyu ba ma magana sosai. Kuɗin bakanike a nan kuma ka sani. Ina son na fara zuwa aiki da shi ranar Litinin. Dan Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sauki iyali lafiya, ya ba da sa'ar karatu.

Bari na fara da abin da ba za ka so ji ba: Litinin ɗin nan kar ka hau babur ɗin nan. Ko da ya tashi yau da yamma yana ruri kamar sabo, kar ka hau shi zuwa aiki. Ka shiga bas na sati biyu, ba abin da zai ragu a jikinka. Domin yadda na karanta saƙonka duk hankalinka yana kan yadda injin zai tashi, ni kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda babur ɗin zai tsaya in ka taka birki, da yadda tayarsa za ta riƙe titi a kwana. Tashin inji shi ne mafi sauƙin aikin da ke gabanka.

Kuma ba na ganin laifinka wallahi. Mu da muka taso a gida babur ba ya hutu, Jincheng ne ko Boxer, kullum yana kan hanya daga asuba har dare, in ya ƙi tashi ka goge fulogi ka ba shi kik uku ya amsa, wa ya taɓa koya mana cewa ana shirya babur kafin a ajiye shi? Amma sanyin garinku wani abu ne daban, a Janairu yana sauka ƙasa da sifili da digiri 30, wani lokacin ya wuce, kuma duk wannan sanyin a cikinsa mashin ɗinka ya kwana wata biyar ba motsi.

In ka yaye tampol kar ka taɓa makulli tukuna. Ka ɗauko tocila ka duba ƙasan babur ɗin, ka ga ko akwai ɗigon mai ko ruwa mai kala a kan siminti. Ka cire sit, ka buɗe akwatin filtar iska, ka leƙa bakin salansa. Ɓeraye nake so ka nema. Da sanyi suna shigowa gareji neman ɗumi, akwatin filta kuma ɗaki ne a wajensu, su tara tsumma da takarda da hatsi a ciki, su ciccije wayoyi. In ka tada inji da sheƙarsu a ciki duk tarkacen nan zai zuƙe shi, wayar da suka feƙe kuma tana iya haɗa wuta.

Ƙas ƙas ɗin da kake ji batir ne, ba shi da ƙarfin juya sitata. Ka cire shi gaba ɗaya ka shigo da shi cikin gida, kan baƙi mai alamar ragi kake fara kwancewa sannan ja, wajen mayarwa kuma ja farko sannan baƙi. Ka dube shi da kyau. Batirin da ke cike da caji ba ya daskarewa ko a sanyin Winnipeg, amma wanda ya sauka ruwan cikinsa ya kusa komawa ruwa zalla, sanyi kaɗan ya ishe shi ya zama ƙanƙara ya kumbura. In ka ga gefensa ya yi ciki ko ya tsage, to an gama, kar ka sa masa caji kar ka haɗa shi da komai, ka kai shi inda za ka sayi sabo su karɓa. In jikinsa lafiya ka bar shi ya kwana a ɗaki ya huce daga sanyin, sannan ka auna shi da mita, irin ƙaramar nan ta auna wuta da ake samu da araha a shagunan Canadian Tire ko Princess Auto. Lafiyayye yana nuna volt 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna ƙasa da 12 ya sauka sosai, kuma batirin da ya daɗe a sauke sau da yawa ko an cika shi ba ya ƙara riƙe wuta. Ka sa shi a ƙaramar caja ta babur mai ba da wuta a hankali, amfiya 1 ko 2, wadda take tsayawa da kanta in ya cika, ka bar shi ya kwana, ka cire, bayan wasu awanni ka sake aunawa. In ya zauna a 12.6 ka tsira, in ya gangaro ka haƙura ka sayi sabo. Cajar nan kuma ba asara ba ce, ita za ta riƙe maka batir duk hunturu mai zuwa.

Shawarar abokinka ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ana iya tada babur da batirin mota, amma motar a kashe take ba a kunne ba, don wutar da mota mai aiki take turowa tana iya ƙona kayan wutar babur, abin da ya fi batir tsada nesa ba kusa ba. Kuma ko kun tada shi ta haka me kuka gyara? Za ka je wurin aiki ka kashe, in an tashi ka dawo ka tarar da ƙas ƙas ɗin yana jiranka, babur ɗinka kuma ba shi da kik balle ka ce za ka taka.

Yanzu mai, nan ne nake so ka natsu. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen mai na wajenku yana da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, shi kuma etanol janyo ruwa yake daga iska. Ka bar rabin tanki ba komai, wato ka bar wa iska mai laima wuri, sanyi ya zo ɗumi ya zo, gumi yana taruwa a bangon tanki yana gangarawa cikin mai, in ruwan ya yi yawa sai shi da etanol ɗin su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututun ke zuƙa. Ka buɗe tankin ka haska, ka ga ko tsatsa ta fara, ka shinshina. Tsohon mai yana da wani wari mai tsami kamar na fenti, kalarsa kuma ta yi duhu. Ni dai da nawa ne ba zan tsaya gwaji ba, zan zuƙe shi duka na zuba sabo. Da ɗan famfon hannu ake zuƙa dan Allah, kar ka sa tiyo a baki irin yadda muka saba gani a gida. Kuma kar ka zubar a magudana ko bayan gida, ka zuba a jarkar mai ka kai wurin karɓar irin waɗannan kaya na birni da ke Brady Road. Maganin nan da ake zubawa a tanki irin su Sta-Bil, kafin ajiya ake zuba shi a sabon mai, ba ya dawo da man da ya riga ya lalace, don haka kar wani ya sayar maka da shi a matsayin gyara.

Babur ɗinka mai kafireta ne, guda biyu ma, kuma ɗan man da ya kwana a cikin kofunansu shi ya fi saurin bushewa ya bar danƙo. A ƙasan kowace akwai ɗan ƙusa na tsiyayewa, ka sassauta ka tare man da gwangwani har ya ƙare ka ɗaure. Wannan danƙon ƙananan jet na silo yake toshewa, wato ƴan kafofin da mai ke bi a cikin kafireta, ramukansu kamar na allura ne. Alamar da za ka gane: babur zai tashi da cok, yana aiki, kana mayar da cok ya mutu, ko kana murza totur ya shaƙe. In ka ga haka wankin kafireta ne ya kama, kuma kar ka zura waya ta ƙarfe a cikin jet, za ka faɗaɗa ramin ka ɓata shi har abada, da feshin wanke kafireta da iska ake yi. In ba ka taɓa kwance irinta ba ka kai wa masu yi. Na san kuɗin aiki a nan da awa ake lissafawa, shi ya sa duk abin da za ka iya da hannunka ka gama shi, ka kai musu wannan kaɗai, kuma ka kira su tun yau don a Afrilu da Mayu kowa ya fito da nasa, layi ne.

Baƙin mai kuma, tunda ba ka canza kafin ajiya ba ka canza shi da filtarsa, bai kai lita 2 ba ma abin da yake ci. Ka nemi na babur, 10W-40 mai ɗauke da rubutun JASO MA a bayan galan, don kulocin babur cikin man yake wanka, wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Kafin nan ka miƙar da babur ka duba ɗan gilashin da ke gefen inji, in man ya haura layin sama kuma yana warin fetur to kafireta ta yi yoyo cikin inji, kar ka kunna sai ka juye. Ka duba ruwan lagireto ma, kuma in ya ragu da ruwan da aka haɗa don sanyi za ka ƙara, ruwan famfo zalla da muke zubawa a gida in ya daskare a nan fasa inji yake.

Ranar tadawa ka buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya, ko ma ka turo shi waje, hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana kashe mutum, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari. Ka tabbatar jan makunnin nan na dama yana kan aiki, giya a firi, ka ja cok, ka danna sitata daƙiƙa 5 ka saki, ka jira kamar 15, ka sake. Zai ɗan ɗauki lokaci tunda ka tsiyaye kofunan sai sun cika. In ya kama kar ka hau murza masa wuta, ka bar mai ya zagaya. Da mitar nan ka auna kan batir yana aiki ka ɗan ɗaga wuta, ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, shi ne shaidar yana caji. Sannan karon farko da za ka sa giya ɗaya ka riƙe birkin gaba gam, don faifan kuloci suna mannewa in sun daɗe a zaune, babur yana iya zabura da kai ko kana riƙe da kulocin.

To ƙanena, ga inda na fi so ka ba ni kunnenka. Taya. Abin da ke taɓa titi a kowace tayarka bai wuce tafin hannu ba, a kansa rayuwarka take. Wata biyar a sanyi iska ta ragu ko ba huji, kuma ido ba ya gane tayar babur mai ƙarancin iska, sai geji. Ka auna da safe kafin ka motsa shi, adadin yana rubuce a sitika kusa da sarƙa, a irin naka 28 ne gaba 32 baya a ma'aunin PSI. Ka juya tayar a hankali ka duba tsagewa a gefe da cikin zanen. Sannan ka nemo inda aka rubuta DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 2314 yana nufin sati na 23 a 2014. Babur na 2011 da aka saya a hannu, ba abin mamaki ba ne ka tarar tayar ta yi shekara takwas ko goma, zanenta fes kamar sabuwa amma robar ta bushe ta yi tauri kamar katako. Irin wannan tayar a titi mai sanyi ba ta riƙe komai. In ta haura shekara biyar shida ka fara shirin canzawa, in ta doshi goma kar ka fita da ita ko nan da bakin layi. In kuɗin hannunka na abu ɗaya ne kawai, ka sa shi a taya ka ci gaba da shiga bas har sauran su samu.

Birki kuma ka matsa na gaba ka taka na baya yana tsaye. Ya kamata ka ji shi da tauri, in yana lotsawa kamar soso ko hannun yana zuwa har ya taɓa mariƙi to iska ko ruwa ya shiga. Man birki shi ma shan laima yake, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, sabo fari ne garai garai, in naka ya koma kalar baƙin shayi lokacinsa ya wuce, DOT 4 ne naka, yana rubuce a murfin. Ka tura babur ɗin da hannu ka kama birki ka saki, ka ga ko yana sakin tayar nan take, don wani lokacin yana maƙalewa bayan doguwar ajiya. Ɗan jan tsatsa a kan faifan ba komai ba ne, zai goge da kansa. Ka duba sandunan shakazoba na gaba ma, in ka ga mai yana zubowa a jikinsu a gyara kafin hawa, don gangarawa yake kan birki.

Sarƙa ka wanke da kananzir ba da fetur ba, akwai ƴan robobi a tsakaninta da fetur ke ci, ka shafa mata man sarƙa, ka duba sakinta ya zama kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Inji a kashe, da hannu kake juya tayar, mutane da yawa sun rasa yatsu a wannan aikin. Totur ka murza ka saki ka ga ya koma da kansa, fitilu da sigina da hon duk ka gwada. Takardu ma ka leƙa, ka tabbatar inshorarka ta Autopac tana aiki kuma lasinka na tuƙin babur, Class 6, bai da matsala, in har yanzu kana matakin koyo ka tuna ba ɗaukar fasinja ba tuƙin dare.

Ko babur ya gama shiri titin bai gama ba. Duk hunturu yashi da gishiri ake watsawa, ƙanƙara ta narke ta bar yashin a kwance a bakin titi da kan kwana da mahaɗa, sai masu shara sun bi sun kwashe, kuma wannan aikin yakan kai cikin Mayu. Ni a irin wannan yashin na faɗi a bazarata ta biyu a ƙasar sanyi, ba gudu nake ba wallahi, kwana ce da na sha bi, tayar gaba kawai ta tafi, ƙashin wuyana ya karye na yi sati shida ban ɗaga hannu ba, mai ɗakina ce take sa min riga. Har yau in na tuna fuskarta a asibiti sai na ji ba daɗi. Ga ramukan da ke fitowa a titunan Winnipeg duk bazara, ruwa ya cika su ba ka san zurfinsu ba, ga gadoji da suke wayar gari da santsin ƙanƙara ko da rana ta yi ɗumi jiya, ga direbobin mota da suka yi wata biyar idonsu bai ga babur ba sun daina nemansa in za su karya kwana. Kai ma hannunka ya yi sanyi. Fitarka ta farko ta zama da rana tsaka, zafi ya haura digiri 10, ka je wani filin ajiye motoci da ba kowa ka yi rabin awa kana tashi kana tsayawa kana kwana, da hular kwano da safar hannu da jaket da takalmi mai rufe idon sawu, sannan ka dawo gida ka sake duba ko wani abu yana yoyo.

Maganar iyalinka kuwa, ita na bari a ƙarshe don ta fi batir da kafireta nauyi. Ka dubi abin ta inda take tsaye. Mace ce mai ciki wata shida a ƙasar da ba uwa ba yaya ba ƙanwa, kai kaɗai take da shi, ta ji kana shirin tada mashin da ya yi wata biyar a ajiye da wayar mota ka hau babban titi. Ai dole ta tsorata, kuma a wannan shirin na abokinka ita ce mai gaskiya. Ban ce lallai ka sayar ba, wannan shawara ce ta ku biyu, ni ma ban sayar da nawa ba bayan na warke. Amma kwana biyun nan na rashin magana kai ne za ka kawo ƙarshensu, yau ɗin nan, ba sai ta fara ba. Ka zaunar da ita ka ce mata ka fasa hawa Litinin, ka nuna mata abin da za ka gyara ɗaya bayan ɗaya da abin da zai ci, ka tambaye ta wane sharaɗi ne zai sa hankalinta ya kwanta, ba dare ne, ba ranar ruwa ne, ba babban titin Perimeter da ya zagaye gari ne, ka ɗauki alkawari ka cika. In duk da haka ta ce zuciyarta ba ta natsu ba sai ta haihu, ka bar shi a gareji da cajarsa a jiki har ta sauka lafiya, wata uku ne, Yuli da Agusta suna nan suna jiranka kuma su ne ma lokacin da titi ya fi kyau. In kuma kuka yanke sayarwa, gyaran nan bai tafi a banza ba, babur mai tashi da danna ɗaya a farkon bazara ya fi kuɗi a kasuwa.

Ka auna batirin ka karanto lambobi huɗun nan na tayoyin biyu ka turo min, zan faɗa maka wanne za ka fara kashe wa kuɗi. Ka gaida mai jikin da kyau.